Salo da Farin Jinin Mujallun Fim na Hausa: Dubawa Daga Azarori da Kewayenta

Tsakure

Takardar nan ta dubi salon mujallun fim na Hausa da suka ɓullo a Kano da Kaduna daga 1998, musamman Tauraruwa da Fim, tare da neman dalilin farin jininsu a wajen matasa. An yi duban ne daga tsallaken iyaka, wato daga Azarori ta gundumar Madawa da maƙwabtanta Buza da Keita a jihar Tawa, yankin da ke nesa da maɗaba'a amma kaset ya daɗe da isa cikinsa. Ra'ayin da takardar ta tsayu a kai shi ne, mujallun sun karɓu ne saboda sun ɗauko muryar hira sun sa a takarda, sun yi wa matashi magana a matsayin abokin zance, alhali rubutun Hausa da hukuma ta saba kawo masa darasi ne ake ba shi.

Gabatarwa



An sha gaya mana cewa matasan Hausawa ba sa karatu. Ana faɗa a Kano, ana faɗa a Yamai, a wajenmu Nijar kuma har da hujja ake haɗawa, tunda manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar ba su kai rabi ba. To amma an yi wani zamani, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, da samari da 'yanmata suka riƙa zaro kuɗi daga aljihunsu suna sayen rubutun Hausa wata-wata, ba malamin da ya aike su, ba jarrabawar da ke gabansu. Littattafan soyayya na Kano ne suka share fage, irin na su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, mujallun fim suka biyo sawu. Littattafan sun sami masu nazari da yawa. Mujallun kuwa an fi ɗaukar su a matsayin rumbun da ake ɗebo bayani kan fim, ba kasafai ake tsayawa a dubi yadda aka rubuta su ba. Wannan giɓin nake so in ɗan taɓa.

Na zaɓi in tsaya a Azarori in hango Kano da Kaduna, domin daga gefe ne ake ganin iyakar inda abu ya kai. Azarori ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madawa, mazaunin Hausawa da Abzinawa. Arewa da ita akwai duwatsun Buza da Keita na ƙasar Adar, kudu kuma Gobir Tudu da iyakar Nijeriya. Yanki ne na gero da damina, albasa a fadamu da rani, sai kuma ci-rani, wanda ke kwashe samari zuwa Sakkwato, Kano, Legas, Abijan da Libiya. Garin Madawa yana kan babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Maraɗi, saboda haka ƙofa biyu gare shi zuwa Nijeriya: ta Illela zuwa Sakkwato, da ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Duk abin da ya yi tashe a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ko ba daɗe ko ba jima sai ya biyo ɗaya daga cikin hanyoyin nan.

Yadda mujallun suka samu

Fim ɗin Hausa na kaset ya soma da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa, fitowar Sangaya a 1999 kuma ta kafa salon waƙa da rawa na fiyano, ta ɗaga sunayen Ali Nuhu da Fati Muhammad. Inda duk aka sami taurari, za a sami masu son jin yadda suka kwana. Sunusi Shehu Daneji ya kafa Tauraruwa a Kano a 1998, yana koyi da Stardust ta Indiya, wadda masu kallon fina-finan Indiya suka riga suka sani. A shafukan Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara fitowa a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta buga sunan Nollywood a 2002.

A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fitar da mujallar Fim a Kaduna. Sheme ɗan jarida ne da ya goge kafin nan, marubuci ne kuma, shi ya rubuta 'Yartsana, shi ya jagoranci rubuta tarihin Alhaji Mamman Shata. Wannan horon ya nuna a mujallar: ana zuwa a ji ta bakin mutum, ana sa rana da wuri, ana fitowa a kan kari. Wasu da dama sun biyo baya, irin su Mumtaz, Garkuwa, Bidiyo, Duniyar Fim, Annashuwa da Nishaɗi, amma akasarinsu ba su yi tsawon rai ba. Fim ce ta jure, har ta zama ma'ajiyar tarihin sana'ar, kamar yadda ayyukan Farfesa Abdalla Uba Adamu suka nuna, tun daga taron da aka yi a Kano kan fina-finan Hausa a Agustan 2003 da littafin da ya fito daga taron a 2004.

Salo

Bango ne ke fara kiran mai saye. Takarda ce mai sheƙi, hoto mai launi, fuskar jaruma ko jarumi tana kallon mai kallonta ido cikin ido, kewaye da kanun labarai gajeru. Ciki kuwa galibi takarda ce mai araha. Wannan rabon kuɗi yana da hikima, domin bangon yana da rayuwarsa daban. Bayan an gama da mujalla ana ɓalle shi a liƙa a shagon aski, ko bayan keken tela, ko jikin garun ɗakin saurayi. Wanda bai iya karatu ba ya san fuskar daga kaset, fuskar ce kuma za ta sa ya miƙa wa na kusa da shi ya ce a karanta masa abin da aka ce ta ce. Kanun labaran ma da bakin mai maganar ake yawan rubuta su, wance na bayyana dalilin da ya sa ta bar fim, wane na rantsuwa bai faɗi abin da aka ce ya faɗa ba. Tun daga bango mai karatu ya ji kamar da shi ake.

Harshen cikin mujallar Hausar Kano ce ta yau da kullum, wadda ake yi a bakin titi da wurin ɗaukar fim, da jimloli gajeru da kalmomin sana'a yadda 'yan fim ke furta su: furodusa, darakta, lokeshan, jarumi, jaruma. Idan aka ajiye ta gefen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, za a ga bambancin ba a daɗin harshe yake ba, domin Imam ya fi kowa sanin daɗin zance. Bambancin yana ga wanda ke magana. A Gaskiya dattijo ne ke zaune yana wa jama'a bayani da nasiha. A Fim tsara ne ya dawo daga inda abin ya faru yana ba abokansa labari. Matashi yana girmama na farko, amma na biyun yake matsawa kusa da shi.

Inda salon ya fi ƙarfi, a ganina, shi ne hira. Ana buga ta ne tambaya da amsa, kusan yadda ta fito daga rakoda, ba a goge "to", ba a goge "wallahi", ba a goge inda mai magana ya yi kwana ya dawo. Ana farawa da neman taƙaitaccen tarihi, garin haihuwa, makarantar da aka yi, yadda aka shigo fim. Daga nan sai tambayoyin da mai karatu ke jira su fito: iyayenki sun yarda kuwa? Yaushe za ki yi aure? In kin yi aure za ki ci gaba? Me za ki ce wa masu cewa 'yan fim na ɓata tarbiyya? Duk wanda ya karanta irin waɗannan hirarraki da yawa zai lura cewa fim ɗin da aka zo tallatawa layi kaɗan yake samu. Sauran shafin ya tafi ne kan aure, da izinin iyaye, da neman na kai, da mutunci a idon jama'a. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da ke hana matashi barci, ko a Fagge ta Kano yake ko a Azarori. Yarinyar da ba za ta iya buɗe baki gaban mahaifinta ta ce ga wanda take so ba, sai ga wata tsararta a takarda an yi mata tambayar a fili, ta kuma amsa da bakinta. Saurayin da ya tafi ci-rani ya dawo hannu rabbana, sai ya karanta yadda wani jarumi ya yi shekaru yana ɗaukar jakar darakta kafin a ba shi fitowa ɗaya. Mujallar ba ta ce wa kowa ga abin da zai yi ba. Ta dai kawo maganar tsakar fili inda za a iya tattauna ta da sunan wani, kuma mu Hausawa mun fi sakewa da tattauna damuwarmu idan aka rataya ta a wuyan wani.

Sai shafin tsegumi. A Fim sunansa Malam Zurƙe, sunan da aka aro daga abokin hamayyar Alhaji Imam a littafin Ruwan Bagaja. Aron sunan kansa ya nuna mujallar ta san gidan da ta fito. Salon shafin habaici ne, a zayyana mutum a bar mai karatu ya cika sauran. Mai karatu a nan aiki yake yi, yana haɗa wannan da wancan, yana gardama da abokinsa kan wa ake nufi. Tsohuwar fasaha ce ta maroƙa da mawaƙan fada aka sauya mata mazauni.

Shafin wasiƙu bai da ado, amma kada a raina shi. A nan ake buga sunan mutum da unguwarsu da garinsu, a ƙarƙashin yabonsa ko ƙorafinsa. Masu sauraron Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna sun san daɗin jin an ambaci sunansu, sai dai na rediyo iska ke tafiya da shi, na takarda kuwa ana ajiyewa a nuna wa baƙo.

Akwai kuma fitowar da ake yi bayan rasuwa. Lokacin da jaruma Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, a hanyar kai ta gidan miji, da lokacin da jarumi Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗari a Azare ranar 1 ga Janairun 2007, mujallun sun zama wurin zaman makoki ga dubban mutanen da ba su taɓa ganin mamatan ido da ido ba. Ana jin ta bakin iyaye da abokan aiki, ana kawo hotunan jana'iza, ana bin kwanakin ƙarshe daki-daki, da addu'a a kowane shafi. A nan ne ake gane cewa mai karatu ba baƙo ya ɗauki ɗan fim ba. Ɗan'uwa ya ɗauke shi, kuma haƙƙin ɗan'uwa ne a sanar da shi yadda aka yi.

Yadda ake karanta ta a wajenmu

A wancan zamanin mujalla ba ta zuwa ƙauyukan Madawa da Buza da Keita ta hannun dillalin jarida. Tana zuwa ne a jakar ɗan ci-rani, ko cikin kwalin mai sayar da kaset da ya je sari, wani lokaci bayan watanni da fitowarta. Jinkirin bai rage mata daraja ba, tunda fina-finan da take magana a kansu su ma a makare suke isowa gidajen kallo masu janareta.

Inda take sauka shi ne fada. Fada a Nijar majalisar samari ce ta shan shayi, wadda ta yaɗu a shekarun 1990, zamanin da aikin gwamnati ya ƙafe, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Adeline Masquelier ta yi littafi sukutum a kanta a 2019. A fada, mujalla kamar ƙwaryar fura ce a tsakiyar tabarma, ɗaya ce amma ludayi na zagayawa. Wanda ya fi kowa nisa a lakwal, wato makarantar boko, shi ake miƙa wa. Ku lura da halin da yake ciki: da Faransanci aka koya masa haruffa, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa karanta Hausa ba. Idan ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya ɗan tsaya, ya furta kalmar yadda idonsa ya gani, kunnensa ya ce masa a'a, ya sake ta daidai. Shafi biyu uku, sai ka ji harshensa ya saki. Wani abin sha'awa kuma, takarda ta rubuta "suka tafi", bakinsa ya ce "sunka tahi", bai ma san ya sauya ba, masu saurare su ma ba su ji wani baƙon abu ba. Yana karantawa ana katse shi. Wani ya ce ƙarya take yi, wani ya ce a maimaita wurin, mai dafa shayi ya ɗaga butar daga gawayi don kada ƙararta ta hana shi ji. Hira guda tana iya cin dare.

Wannan ne ya sa na ce salon tambaya da amsa ba ƙaramin abu ba ne. Rubutu ne da aka yi shi daga magana, don haka komawarsa magana ba ta da wuya. Doguwar maƙala mai sarƙaƙiyar jimla ba za ta rayu a fada ba, za a ajiye ta kafin a sauke shayin farko. Mujallar ta dace da al'ummar da mutum ɗaya ke karanta wa goma, ko da masu buga ta birni suka nufa.

Ta ɓangaren mata, karatun a cikin gida yake, a wurin kitso ko bayan an gama aikin rana, kuma aro ne ke tafiyar da shi daga wannan gida zuwa wancan, tare da littattafan soyayya. Kasancewar fada ta maza ce, mai nazarin da ya tsaya a bakin titi rabin masu karatu kawai zai gani.

Abin da ya sa ba mu yi tamu ba

Nijar ba ta rasa rubutun Hausa ba. Tun shekarun 1960 ma'aikatar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da ƙananan jaridu cikin harsunan ƙasa, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi, domin waɗanda suka gama ajin manya su sami abin karantawa. An buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa tun 1973, an kuma daidaita ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa a 1999. Aiki ne na ƙwarai, waɗanda suka yi shi sun cancanci yabo. Sai dai abin da ke cikin jaridun nan shi ne yadda ake zuba taki, da tsabtace ruwan sha, da amfanin ƙungiyar manoma. Duk gaskiya ne, duk ana bukata, amma malami ne ke magana da ɗalibi, kuma ba wanda ke ɗokin fitowar wata don a sake yi masa darasi.

A ɗaya gefen, rubutun da ya shafi waƙa da wasa da rayuwar matasa a Nijar da Faransanci ake yin sa a Yamai. Mujallar Fofo misali ce, ta ba mawaƙan zamani da 'yan rap na ƙasar fili mai kyau, amma harshenta ya tsayar da ita a hannun 'yan boko na birane. Sai aka wayi gari harshen da matashin Azarori ke ji an keɓe shi ga darasi, zancen da yake so kuma an keɓe shi ga harshen da bai ƙware a kai ba. Mujallun Kano da Kaduna sun shigo ta wannan tsaga ne, ba tare da sun yi niyya ba. Ina da yaƙinin cewa sun koya wa matasanmu da dama karanta Hausa, aikin da ba a rubuta shi a rahoton kowace ma'aikata ba.

Inda salon ya gaza

Son abu ba ya hana a faɗi aibinsa. Tsegumin da ke sayar da mujalla mutane yake ci, kuma mata ya fi ci. Namiji ana tambayarsa aikinsa, mace ana tambayarta aurenta, in auren ya mutu a dawo a tambaye ta dalili. Abin da ya faru a Agustan 2007, sa'ad da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya yaɗu ta wayoyi, ya jawo dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni da tsanantawar Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, ya nuna yadda jama'ar da aka saba wa leƙen rayuwar 'yan fim ke iya juyawa kansu a dare ɗaya. Ba mujallu ne suka haddasa wannan ba, amma ƙishirwar da suke shayarwa ita ce dai ta yi ambaliya.

Na biyu, mujallar da tallan furodusoshi ke riƙe da ita ba ta da cikakken 'yancin cewa fim bai yi kyau ba. Shi ya sa sharhin fim na gaske, wanda zai dubi labari da ɗaukar hoto da wasa ya auna su, ya kasance ɓangaren da ya fi rauni a yawancinsu.

Na uku ya fi shafarmu. Duniyar mujallun Kano ce da Kaduna da Jos. Fim ta yi ƙoƙarin ba mawaƙan gargajiya da marubuta fili, amma ɗan Nijar yakan shiga shafi ne idan ya je Kano ya yi suna, kamar yadda mawaƙiya Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ta yi. Matashin Keita ya san auren jaruman Kano da sakinsu, bai taɓa ganin makaɗin garinsu a takarda ba. A hankali wannan yana koya wa yaro cewa abin da ya isa a rubuta a wani wuri yake faruwa, kuma Hausar da ta isa a buga ba irin ta bakin uwarsa ba ce. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Bayan zuwan waya

Wayar hannu ta karya kasuwar kaset da faifai, ta karya ta mujalla tare da su. Masu tura fina-finai da waƙoƙi a katin waya suka maye gurbin masu haya, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube, labarin 'yan fim kuma ya koma Facebook da TikTok, inda jarumar da kanta ke magana ba sai ɗan jarida ya je ba. Fim ma ta buɗe shafinta a intanet. Muryar hira da mujallun suka kawo takarda yanzu ta cika ko'ina, har ta yi yawa. Abin da ya ɓace shi ne edita, mutumin da zai ji ta bakin ɓangare biyu kafin ya buga, wanda kuma sunansa da adireshinsa ke jikin takarda idan ya yi ƙarya.

Duk da haka matasanmu ba su taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba. Suna rubuta ta a WhatsApp dare da rana, da haruffan Faransanci, ba ƙa'ida. Masu karatu sun samu ke nan. Abin rubutawa ma jihar Tawa ba ta rasa ba. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har gobe idan ana neman takobin gasar ƙasar gaba ɗaya tsayawa take, ga 'yan kokowa, ga makaɗansu, ga kirari, ga masu ba da sa'a, kowanne da labarin da zai cika shafi. Tawa ce garin mawaƙi Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar waƙar zamani sunansa tun shekarun 1980. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan arewacin jihar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran murya na waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsince su, yau manyan jaridun Amurka da Ingila na rubutu a kansa. Tarihinsa ya ratsa ta ƙasar Hausa, amma da Turanci aka fi ba da shi. Ga masu saƙar tabarmar Madawa, ga matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasa a aikin da aka fara da taimakon Italiya a 1984, waɗanda jikokinsu ne matasan yau.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tsorona shi ne kada wannan ya tsaya a fassara sanarwar hukuma da littattafan aji, mu sake maimaita abin da aka yi a shekarun 1960. Idan za a yi wa matasan Adar da Gobir Tudu mujalla, a takarda ko a waya, ya kamata ta ɗauki hira ta tambaya da amsa daga Fim, ta bar mutum ya yi magana da karin harshensa, "munka" da "sunka" su fito yadda aka faɗe su. Ta riƙa fita da murya tare da rubutu, domin gidajen rediyon al'umma da ke garuruwanmu su iya karantawa, wanda bai yi lakwal ba ya samu rabonsa. Ta sa mata cikin masu yin tambaya, kada su tsaya a waɗanda ake tambaya kaɗai. Kuɗin tafiyar da ita kuma kada ya fito daga aljihun waɗanda za ta yi sharhi a kansu.

Kafin wannan akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazari, kuma ba ya jira. Takardar da aka buga mujallun nan da ita ba mai ƙarko ba ce, gara da zafi da ɗigar damina suna cin ta. Sauran kofen da suka tsallako iyaka suna nan a ƙasan akwatuna da tsofaffin shagunan haya a Madawa da Ƙonni da Tawa. Ina kira ga sassan nazarin harsuna da ɗakunan karatu na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ta fi kusa, su tura ɗalibai su tattaro su, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a rubuta inda aka samo kowane kofe da hanyar da ya biyo. Waɗanda suka karanta su suna 'yan shekara 18 yanzu da yawansu sun haura 40, suna nan a kasuwanni da gonakin albasa, ana iya zama da su a tambaye su wa ke karanta musu, wane shafi suke fara buɗewa, da kuma ko a nan suka koyi karanta Hausa. A haɗa da ɗalibai mata a aikin, domin su ne za su iya shiga cikin gida.